Feda mai faɗi ko mai kama takalmi: wacce ta fi daɗin tuƙi? Tambayoyi da amsoshi

Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai sukan zo da wata 'yar dunƙulalliyar feda wadda tafin ƙafa ba ya samun wurin zama a kanta. Masu saye da yawa suna ɗauka karyewa ta yi, sai su sa mai gyara ya cire ta ya jefa cikin tarkace. Lafiyarta ƙalau, takalminta ne ba a haɗo da shi ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin masu hawan keke don motsa jiki, ko zuwa aiki, ko doguwar tafiyar ƙarshen mako, game da irin wannan feda da kuma mai faɗin da kowa ya tashi da ita.

Wai mece ce feda mai kama takalmi, kuma yaya take aiki?

Abu uku ne ke aiki tare: fedar, da takalmi na musamman mai ramukan noti a tafinsa, da wani ɗan ƙarfe ko roba mai tauri da ake ɗaurewa a ƙarƙashin takalmin, ana ce masa kilit. A jikin fedar akwai baki mai sifirin. Ka sa gaban kilit ɗin a bakin, ka danna da nauyinka, sai ka ji ƙas, ta kama. Daga nan ƙafa ba ta tashi sama ba ta zamewa gaba. In za ka fita, sai ka murɗa dunduniya waje, nesa da keken, bakin ya buɗe. Ja sama ba ya fitar da ita, kuma a nan ne sabon shiga ke shan wahala. A kwalaye da shagunan intanet za ka ga an rubuta mata clipless.

Daga ina ta samo asali?

Kafin zuwanta, 'yan tsere suna cusa gaban takalmi cikin wani ɗan keji na ƙarfe ne, su ja maɗaurin fata su ɗaure. Duk wanda zai tsaya sai ya sunkuya ya sassauta maɗaurin da hannu. Kamfanin Cinelli na Italiya ya fitar da feda mai kullewa, M71, a farkon shekarun 1970, amma ita ma da hannu ake buɗe ta, don haka ba ta yaɗu ba. Wadda ta canza lamarin ita ce ta kamfanin Look na Faransa a 1984. Dama sana'arsu ƙera abin da ke riƙe takalmin masu sulu a kan ƙanƙara, wanda ke sakin ƙafa idan ta murɗe, sai suka kawo dabarar kan keke. A 1985 Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France karo na biyar da ita a ƙafarsa, cikin 'yan shekaru kejin ya ɓace daga tseren ƙwararru. Shimano na Japan ya biyo da SPD a 1990, mai ɗan ƙaramin kilit da ke nutsewa cikin tafin takalmi, don masu hawan duwatsu da daji waɗanda dole wani lokaci su sauka su tura.

An ce tana ƙara gudu domin ana tura feda ƙasa kuma ana jan ta sama. Gaskiya ne?

Wannan magana ta fi kowace yawo, kuma rabinta ne gaskiya. Da aka riƙa sa na'urar auna ƙarfi a jikin feda, abin da aka gani shi ne ko ƙwararrun 'yan tsere, in suna tafiya daidai wa daida a kan miƙaƙƙiyar hanya, kusan duk ƙarfinsu a turawa ƙasa yake fitowa. Ƙafar da ke dawowa sama ba ja take yi ba, iyakarta ta rage nauyinta don kada ta zame wa 'yar'uwarta kaya. Wani bincike da aka buga a 2008 ya gwada mahaya da feda mai faɗi da kuma mai kamawa a irin wannan matsakaicin gudu, bai sami wani bambanci a yawan iskar da jiki ke ci ba. Da aka ce su riƙa jan fedar sama da gangan ma, sai jikin ya ƙara ɓarnar ƙarfi. Dalilin a fili yake: naman gaban cinya da na ɗuwawu, masu turawa, sun fi masu ɗaga ƙafa girma nesa ba kusa ba.

Inda take da riba shi ne lokacin da aka miƙe tsaye a kan feda ana fizgar keke, ko a tudu mai tsini, ko a gudun ƙarshe na tsere. A nan kam ana ja da gaske, kuma ƙafa ba ta suɓucewa ko da ana juya feda sama da sau 100 a minti. Saboda haka ba za ka ga mai feda mai faɗi a Tour de France ko Tour du Faso ba. Amma wanda ke tafiyar kilomita 20 da asuba don ya rage tumbi, da wuya agogonsa ya nuna masa wani bambanci.

Ni ba tsere nake ba, daɗin tafiya nake nema. Wacce zan ɗauka?

Ra'ayina: mai faɗi, amma mai kyau. Yawancin masu cewa feda mai kamawa ta raba su da ciwon ƙafa, abu biyu suka canza lokaci guda ba su lura ba. Sun bar 'yar ƙaramar fedar roba mai santsi da ta zo da keke, sun kuma bar takalmi mai laushin tafi sun koma mai tauri. Taurin tafin nan shi ne ya yi mafi yawan aikin, domin yana baza nauyi a duk faɗin ƙafa maimakon ya taru wuri ɗaya. Feda mai faɗi wadda ta kai wajen santimita 10 a tsawo da faɗi, da takalmin da ba ya lanƙwashewa a hannu cikin sauƙi, suna ba da kusan wannan sauƙin.

Sannan mai faɗi tana da wata falala da ba a cika ambata ba: ƙafa tana gyara zamanta da kanta. In wuri ya fara zafi sai ta matsa gaba kaɗan, in gwiwa ta takura sai dunduniya ta karkata, duk ba tare da ka yi tunani ba. Mai kamawa kuwa inda ka ɗaure kilit nan ƙafar za ta zauna. Mai juya feda sau 80 a minti yana lanƙwasa kowace gwiwa sau 4,800 a awa guda. In zaman daidai ne, ka huta, kullum ƙafarka tana inda ya kamata. In ya karkace ko da kaɗan ne, kuskuren ma sau 4,800 za a maimaita shi.

Wanda zan ce ya gwada mai kamawa shi ne wanda tafiyarsa ta fara kai awa uku ko huɗu, a hanyar da ba a yawan tsayawa, ko mai bin hanyar burji mai gargada inda ƙafa ke tsalle daga kan feda. Shi zai ji daɗin rashin damuwa da inda ƙafarsa take, musamman idan gajiya ta zo ko ruwa ya jiƙa komai.

Tsoron faɗuwa nake ji. Da gaske kowa sai ya faɗi?

Da yawa suna faɗuwa, kuma kusan iri ɗaya ce faɗuwar. Ba a gudu take zuwa ba. Mutum ya iso danja, ko ɗan adaidaita-sahu ya ci birki a gabansa don ɗaukar fasinja, shi ma ya kama birki, keke ya tsaya cak. Sai a lokacin ya tuna ƙafarsa a kulle take. Ya fizga sama kamar yadda ya saba tun yana yaro, ta ƙi. Keken ya fara kwantawa a hankali, yana ji yana gani, har ya kai ƙasa da shi, ƙafafu biyu na manne, masu shago suna ta "sannu, Malam". Yawanci gwiwar hannu ce ke ƙujewa, sai kunya. Amma a titi mai manyan motoci abin ba na dariya ba ne, domin ba ka da zaɓin gefen da za ka faɗa.

Ana rage wannan ƙwarai. A jikin fedar SPD akwai ɗan noti mai alamar + da −, ana juya shi da alanki mai milimita 3. Mayar da shi can ƙarshen − a kowace fuska ta fedar. In za ka sayi kilit na SPD, nemi samfurin SH56 maimakon SH51: na farkon yana saki ko dunduniya ta murɗa ta ɗan yi sama, na biyun sai an murɗa ta gefe sak. Jingina da bango ka yi ta shiga da fita har ƙafa ta haddace, sannan ka koma fili mai ciyawa ko yashi. Ka zaɓi ƙafa ɗaya da kullum ita ce ke fara sauka, ka riƙa cire ta tun kafin ka kama birki, kuma ka karkata jiki ta wajenta. Wasu suna cire ta dama su kuma karkata hagu, wanda daidai yake da ba su cire komai ba.

Cikin gari fa, kamar zuwa kasuwa ko wurin aiki?

Mai faɗi, babu wata doguwar muhawara. Wanda zai ratsa cunkoson Kano ko Kaduna ko Yamai yana sauke ƙafa sau da yawa kafin ya ci kilomita ɗaya.

Tun da na sa mai kamawa gwiwata ke ciwo. Mene ne ya jawo?

Fara duba tsayin sirdi kafin ka zargi fedar. Kaurin feda da na tafin takalmi sun bambanta daga wannan iri zuwa wancan, don haka canza feda yana canza nisan da ke tsakanin sirdi da ƙafa ko da ba ka taɓa sirdin ba. Abin da aka saba gani: ciwo a gaban gwiwa, sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta, ya yi sama. Gwaji mai sauƙi shi ne ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba.

In ciwon a gefen gwiwa yake, ciki ko waje, to galibi karkatar kilit ce. Zauna a bakin tebur ka saki ƙafafu su yi lilo, ka kalle su. Mutane ƙalilan ne yatsunsu ke kallon gaba sak. Yawanci suna buɗewa waje, wani ma ƙafarsa ta dama da ta hagu ba su yi daidai ba. Kilit ne zai bi yadda Allah ya yi ƙafarka, kada ka tilasta wa ƙafa ta bi kilit.

Akwai kuma ɗan wasan da feda ke bar wa dunduniya ta motsa hagu da dama kafin ta saki. Masu ƙera kilit na titi suna nuna shi da launi. A Shimano SPD-SL, rawaya digiri 6 ne, shuɗi 2, ja babu ko kaɗan. A Look Keo, ja digiri 9 ne, ruwan toka 4.5, baƙi babu. Ka lura, ja a wajen Shimano shi ne kullalle, a wajen Look kuwa shi ne mafi sakewa, don haka kada ka ce wa mai shago "ba ni ja" kawai. Mai neman lafiyar gwiwa ya ɗauki mai wasa da yawa, ya bar wa 'yan tsere kullallen. In an gyara duk wannan ciwon bai tafi ba, ko gwiwa ta kumbura, a ajiye keken a ga likita.

Tafin ƙafata yana zafi kamar wuta, wani lokaci yatsu su sage. Laifin feda ne?

Sau da yawa laifin takalmi ne. Ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya, balle a zafin Afrilu, sai takalmin da ya yi daidai da safe ya matse jijiyoyin da ke tsakanin ƙasusuwan gaban ƙafa da hantsi. Takalman keke da yawa ƙirar siririyar ƙafa ce, mu kuwa da muka girma cikin silifa da sandal gaban ƙafarmu ya baje. Sayi mai faɗin gaba, ka gwada shi da yamma, ka sassauta maɗauri in tafiya ta yi nisa.

Abu na biyu, ja kilit baya. Tsohuwar ƙa'ida ita ce tsakiyar feda ta zauna daidai ƙarƙashin tudun da ke gindin babban yatsa. Masu doguwar tafiya da yawa yanzu suna mayar da shi baya da 'yan milimita, wanda ke rage matsi a gaban ƙafa ya kuma hutar da sha-raɓa. A feda mai faɗi ba sai an gaya wa kowa ba, ƙafa da kanta take gangarawa wajen.

Na ga masu noti biyu da masu noti uku. Wanne ya fi?

Mai noti uku, wato SPD-SL da Look, na tseren kwalta ne. Kilit ɗin babba ne, na roba, yana waje a ƙarƙashin takalmi, ga tafin takalmin santsi. Tafiya da shi a ƙasa wahala ce: yatsu a sama, dunduniya a ƙasa, ana ƙwas-ƙwas, a kan tayil kuwa sai an dafa bango. Yawo a ƙasa kuma cinye robar yake yi. Yawancin fedojin nan fuska ɗaya gare su, sai ka juyo ta da yatsa kafin ka shiga.

Mai noti biyu, wato SPD da danginsa irin su Time ATAC da Crankbrothers, kilit ɗinsa ƙarfe ne ƙarami, a ɓoye tsakanin tudun roba, kana iya shiga shago ko ka tura keke a tudu. Ga mai neman sauƙi, wannan ne. Ba wanda ya hana a ɗaura shi a keken tsere. Abin lura ɗaya: kilit na wani kamfani ba lallai ya shiga fedar wani ba, kuma takalmi mai rami biyu ba ya ɗaukar kilit mai noti uku, sai 'yan kaɗan da aka yi musu ramukan duka biyu.

Ka kuma yi lissafin salla. Tafiyar da za ta haɗa da azahar da la'asar tana nufin cire takalmi da safa, alwala, da takawa zuwa bakin masallaci a kan jiƙaƙƙen siminti. Da takalmin noti biyu mai maɗaurin manne abin da sauƙi. Da na noti uku gara ka saka silifa a aljihun baya.

Ƙura da yashi da taɓo ba sa lalata ta?

Suna hana ta aiki dai. Taka jiƙaƙƙen yashi ko laka da damina, sai ramin kilit ya cika, ka yi ta dannawa ta ƙi kamawa, ko kuma ta kama ta ƙi saki, wanda ya fi muni. Buga takalmin a gefen feda yakan zubar da shi. Eggbeater ta Crankbrothers, mai fuska huɗu da jiki a buɗe, ta yi suna wajen zubar da taɓo. Da hunturu kuwa ƙura ce ke haɗuwa da mai ta zama abin goge ƙarfe, don haka ɗigo ɗaya a kan sifirin ya isa, a share sauran. Mai faɗi ba ruwanta da wannan duka, in dai boris ɗinta a rufe yake.

In mai faɗi zan tsaya a kai, wace iri zan nema?

Nemi mai faɗin da ya kusa cika tafin takalminka, siririya ba mai kauri ba, wadda tsakiyarta ya ɗan lotsa don ƙafa ta zauna a ciki. Ta roba mai tauri irin ta zamani tana da arha kuma tana jure duka. Ta alminiyam ta fi daɗewa. Juya ta da yatsa kafin ka biya: in tana gurnani ko tana girgiɗi a kan sandarta, boris ya tafi.

Sai maganar haƙora. Fedojin hawan dutse suna da 'yan ƙusoshin ƙarfe da ke nutsewa cikin robar takalmi, suna riƙe ƙafa har sai ka ɗaga ta kafin ka iya gyara mata zama. Riƙon yana da kyau, amma ranar da ƙafa ta kuɓuce fedar ta juyo ta sami ƙwauri, za ta bar maka layuka na jini. Suna kuma yaga silifa, suna kama bakin wando da na doguwar riga. Mai zirga-zirgar gari ya nemi mai gajerun haƙoran roba. Silifa kanta ba abar doguwar tafiya ba ce: tana lanƙwashewa a kan feda, yatsu su yi ta ƙoƙarin riƙe ta, tsakiyar ƙafa ya gaji.

Akwai ƙwararren da ke tsere da mai faɗi?

Akwai. Sam Hill ɗan Ostireliya ya zama zakaran duniya a tseren gangaren dutse a 2006 da 2007 da 2010, sannan ya lashe gasar kekunan dutse ta Enduro World Series sau uku a jere daga 2017 zuwa 2019, duk da feda mai faɗi, alhali yawancin abokan karawarsa a kulle suke. Masu koyar da hawan dutse da yawa ma sun fi son ɗalibi ya fara da ita, don ya koyi riƙe keke da nauyin jiki maimakon ya dogara da fizgar feda.

Mai fuska biyu fa, gefe ɗaya faɗi gefe ɗaya kamawa?

Irin su Shimano PD-M324 da PD-EH500 ke nan. Ga mai keke ɗaya tal, wanda zai je aiki da shi ranar Litinin ya yi doguwar tafiya ranar Asabar, dabara ce mai kyau, kuma tana ba sabon shiga damar juyawa gefen faɗi in ya shigo cunkoso. Aibinta, duk lokacin da za ka tashi sai ka lalubi fuskar da kake so, kuma ba kasafai ake dacewa da ita a karon farko ba. Gefen faɗin ma bai kai na cikakkiyar feda mai faɗi girma ba.

Zan iya canzawa da kaina, ko sai na kai wa mai gyara?

Za ka iya, da sifana mai milimita 15, ko alanki mai 6 ko 8 ta bayan hannun feda, gwargwadon irinta. Abin da ke ɓata aikin shi ne fedar hagu tiredinta a juye yake: yadda ake ɗaure sauran notuna, haka ita ake kwance ta. Hanya mai sauƙin tunawa: in sifanar tana tsaye sama, tura ta wajen tayar baya kwancewa ne a kowane gefe, wajen tayar gaba kuma ɗaurewa. A jikin sandar kowace feda akwai L ko R, ka duba kafin ka sa. Shafa giris, ka fara juyawa da yatsu zagaye uku ko huɗu. In ta yi gardama tun farko, tsaya, a karkace ta shiga. Tilasta ta da sifana zai cinye tiredin hannun feda, musamman na alminiyam, kuma wannan ya fi fedar tsada.

Yawancin kekunan manya suna ɗaukar sanda mai inci 9/16. Wasu kekunan yara da masu hannun feda ƙarfe guda ɗaya suna ɗaukar rabin inci, kuma da wuya ka sami feda mai kamawa a wannan girman.

Na sami feda da takalmi na gwanjo. Me zan duba kafin in hau?

Juya takalmin ka duba ramukan noti, kada tsatsa ta cinye su ko tafin ya tsage a kewayensu. Kilit ɗin da ya zo da shi ka ɗauka ya gama aiki, ka sayi sabo wanda ya dace da sunan da ke jikin fedar, domin wanda ya side yana fita ba zato ko ya maƙale. Shafa giris a notunan, ka ɗaure su tamau da alanki mai milimita 4, ka sake duba su bayan tafiyar farko. Idan noti ɗaya ya faɗi a kilit mai noti biyu, za ka murɗa dunduniya takalmin ya juya amma kilit ɗin ya zauna a cikin feda, kuma ba yadda za ka fita sai ka sami bango ka jingina ka zare ƙafa daga cikin takalmin. In ka sami zaman da ya yi wa gwiwarka daidai, zagaye gefen kilit ɗin da maka a tafin takalmi, don ranar canji sabon ya koma daidai inda tsohon yake.